Tarihin Sir James Mackenzie, Likitan Garin Masaƙa

A ƙasar Birtaniya likitoci iri biyu ne. Akwai na manyan asibitoci, waɗanda kowannensu ya ƙware a kan ciwo guda, su ne masu suna da almajirai da ɗakunan gwaji. Akwai kuma likitan gari, wanda kowa ya ke fara zuwa wurinsa, da mai tari, da mai naƙuda, da wanda ya karye. Da safe ya ga masu ciwo a ɗakinsa, da rana ya bi gida gida, da dare a buga masa ƙofa. A zamanin da za mu yi magana a kansa, ba wanda ya ke sa ran wani sabon ilmi zai fito daga hannun irin wannan likita na biyu, balle a ware masa kuɗi ko lokaci domin bincike. Mutumin da za mu ba masu karatu tarihinsa yau ya yi shekara 28 yana wannan aiki a wani gari mai hayaƙi, a nan kuwa ya gano abubuwan da suka sake wa likitocin duniya tunani game da ciwon zuciya.

An haifi James Mackenzie ran 12 ga Afrilu, 1853, a wata gona kusa da Scone, a ƙasar Sikotlan. Ubansa manomi ne. Karatu bai karɓe shi da farko ba. Bai wuce shekara 15 ba ya bar makaranta, aka kai shi wani kantin magani a birnin Perth ya zama yaron kanti, yana daka yana aunawa tun safe har dare. Ya girma da ganin kansa daƙiƙi ne, domin malaman lokacin hadda su ke so, shi kuwa hadda ba ta zama masa. Sai daga baya ya gane duk inda a ke bukatar mutum ya duba ya yi tunani, ba a barinsa a baya. Wannan abu ya tsaya masa a rai har tsufansa, kullum yana zargin jarrabawar da ba ta auna kome sai ƙarfin riƙe magana. Malaman makaranta sai su duba wannan da kyau.

Yana da shekara 21 ya shiga Jami'ar Edinbara, ya fita likita a 1878. Ya so ya tsaya a jami'a ya bi hanyar bincike, amma a wancan zamani wannan hanya ta masu abin hannu ce, waɗanda iyayensu za su ci da su shekara da shekaru suna jiran a ba su gurbi a asibiti. Ɗan manomi ba shi da wannan hali. Saboda haka a 1879 ya karɓi aikin mataimaki wurin waɗansu likitoci biyu, William Briggs da John Brown, a garin Burnley cikin lardin Lancashire.

Burnley gari ne na masaƙun auduga da ramukan kwal. Mutane a cunkushe, gidaje da danshi, mata suna tsaye a bakin injin saƙa har cikinsu ya tsufa, jarirai suna mutuwa ba iyaka. Da saurayin likita ya fara aiki sai ya ga abin da ya ruɗe shi. Yawancin waɗanda su ke zuwa wurinsa, ya kasa sa wa ciwonsu suna. Wannan ya ce kasala, wannan ya ce wani zafi a nan, wancan ya ce numfashi. Ya zaci jahilcinsa ne, ya sayi manyan littattafai ya duƙufa a kansu, bai sami amsa ba. Dalili kuwa shi ne, waɗanda suka rubuta littattafan nan likitocin manyan asibitoci ne, su kuwa ba su ganin ciwo sai ya ci jiki ya kusa ƙarewa. Mafarinsa ba wanda ya rubuta. Tsoho Briggs ya kan dubi mai ciwo ya faɗi yadda za ta kaya, ya kuma yi daidai, amma in an tambaye shi yadda ya sani ba ya iya bayyanawa. Irin wannan sani kuwa da mai shi a ke binne shi.

Ana nan sai wata yarinya mai ciki, wadda ya ke dubawa, ta mutu a hannunsa wajen haihuwa, zuciyarta ta kasa. Bai ga alamar haka tana tafe ba. Daga ran nan ya ɗaura wa kansa aiki biyu: ya gane abin da ke haddasa kowace alama da mai ciwo ya ke ji, ya kuma gane abin da alamar ta ke nufi ga sauran kwanansa. Hanyar da ya ga za ta kai shi guda ɗaya ce, watau ya rubuta abin da ya gani yau, ya jira, ya sake duba mutumin baɗi da baɗin baɗaɗa, ya gwada da abin da ya rubuta. Duk akawun da ya taɓa neman wata tsohuwar magana ya same ta cikin fayil domin wani ya rubuta ta a kan kari, ya san amfanin wannan.

Jijiyar wuya

A lokacin akwai wata 'yar na'ura da a ke ɗaura wa mutum a wuyan hannu, allurarta tana zana bugun jini a kan takardar da aka turara da baƙin hayaƙi. Mackenzie ya fara da ita. Amma ya lura da wani abu da likitoci su ke gani kullum ba su kula ba. In mai ciwo ya kwanta, a gefen wuyansa a kan ga wata jijiya tana motsi a hankali, motsin da ba daidai ya ke da na wuyan hannu ba.

Sai mu ɗan yi bayani. Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa. Na sama kamar zaure su ke, nan jini ya ke fara sauka. Su matsa, su tura shi ɗakunan ƙasa, su kuma su matsa da ƙarfi su aika shi huhu da sauran jiki. Bugun wuyan hannu labarin ɗakin ƙasa na hagu kaɗai ya ke bayarwa. Jijiyar wuya kuwa a buɗe ta ke zuwa zauren dama, duk abin da zauren ya yi sai ya nuna a cikinta. Mackenzie ya ga in ya zana su biyu a takarda ɗaya, lokaci ɗaya, zai san wane ɗaki ya riga wane, da inda aka sami saɓani. Ya haɗa wani ɗan ƙoƙo da a ke kifawa a wuya, da bututun roba, da allura ta biyu. Da wannan ya shiga ɗakunan masaƙa, yana turara takarda, yana zane, yana shafa mata mai don kada zanen ya goge, da dare kuma ya zauna da ma'auni yana auna tudu da kwarin layukan.

To, wa ya biya? Ba kowa. Ba gwamnati, ba jami'a, ba wani attajiri. Kuɗin takarda da na'ura daga aljihunsa su ke fita, lokacin kuwa daga barcinsa. Ya kan tashi da asuba ya yi rubutu kafin masu ciwo su taru. Da ya so na'urar da za ta yi zane da tawada a doguwar takarda, don a huta da hayaƙi, ba wani ɗakin gwaji ya tafi ba, wurin wani mai gyaran agogo ya tafi, Sebastian Shaw, a garin Padiham kusa da su. Su biyu suka ƙera ta, ta fito a 1906, aka yi ta sayenta a ƙasashe.

Wajen 1890 ya gane cewa tsallen da zuciya ta kan yi, mutum ya ji kamar ta tsaya sa'an nan ta buga da ƙarfi, sau da yawa ɗakin ƙasa ne ya yi azarɓaɓi ya buga kafin lokacinsa. Likitocin zamanin suna jin wannan sai su tsorata mutum, su hana shi aiki. Mackenzie ya bi irin waɗannan mutane shekaru, ya ga suna nan garau suna saƙarsu. Haka kuma yara waɗanda bugun zuciyarsu ya ke sauri in sun ja numfashi, ya lafa in sun saki. Da a kan kwantar da su wata da watanni, ya nuna wannan halin lafiyayyar zuciya ne. Har ƙarar nan da likita ya kan ji in ya kara abin sauraro a ƙirji, wadda saboda ita aka hana mutane da yawa aure da aiki, ya ce ita kaɗai ba ta isa hukunci ba. Abin tambaya shi ne, me zuciyar ta ke iyawa? In mutum yana hawa tudu ba haki, a bar shi ya yi harkarsa. A ganinmu, ko da wannan kaɗai ya bari, ya isa a tuna da shi, gama ba a san iyakar waɗanda ya tayar daga shimfiɗar da ba ciwo ya kwantar da su ba, tsoro ne.

Babban abin da ya gano kuwa, wata mace ce sanadi. Tun 1880 ya ke dubanta, sa'ad da zazzaɓin gaɓoɓi ya kama ta ya ɓata mata ƙofar da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa. Ya yi ta zana bugunta shekara bayan shekara, kullum ga ɗan tudun nan da zaure ya ke yi a jijiyar wuya. Bayan shekara fiye da 15, ran nan ciwo ya taso mata, bugun ya rikice ba tsari ko kaɗan. Ya zana, ya duba, tudun zaure ya ɓace, bai kuwa sake komowa ba har ta rasu. Ya ce lalle zauren ya daina matsawa. Da farko ya kira abin shanyewar zaure, daga baya ya sake masa wani bayani wanda bai yi daidai ba. Sai wajen 1909 da 1910 wani saurayin likita a Landan, Thomas Lewis, da waɗansu masana biyu a Biyana, suka nuna da na'urar lantarki cewa zauren karkarwa ya ke yi maimakon matsawa. Mackenzie ya karɓi gyaran. Wannan ciwo shi ne ya fi kowane irin rikicewar bugun zuciya mai daɗewa yawa a duniya, Mackenzie ne kuma ya nuna yadda maganin nan dijitalis, da a ke samu daga ganyen wani tsiro, ya ke rage gudun zuciyar masu shi. Abin lura a nan, likitan babban asibiti da ya ga matar nan rana ɗaya ba zai san wani abu ya ɓace ba, domin bai ga lokacin da ya ke nan ba.

A 1902 ya buga littafinsa na farko a kan bugun jini. Manyan Landan ba su ko ɗaga kai ba. Wane ne likitan Burnley? A waje aka fara ganin darajarsa. Aka juya littafin da Jamusanci, Wenckebach na ƙasar Holan ya yi ta musayar takardu da shi, shahararren likitan nan William Osler ya zo har Burnley a 1905. Ya kan aika da zukatan waɗanda suka rasu cikin masu ciwonsa zuwa ga Arthur Keith, masanin ƙirar jiki a Landan, tare da tarihin kowannensu na shekaru. Keith ɗin nan ne, shi da Martin Flack, suka bayyana a 1907 ɗan ƙullin naman da bugun zuciya ya ke tasowa daga gare shi.

Landan

Ganin ba za a saurare shi daga nesa ba, a ƙarshen 1907, yana da shekara 54, ya bar aikin da ya ke ci da iyalinsa ya koma Landan. Kasada ce babba. Ba shi da gado ko ɗaya a wani babban asibiti, shekarar farko kuwa abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. A 1908 littafinsa na cututtukan zuciya ya fito, sai kasuwa ta buɗe, masu ciwo da likitoci suka yi ta tururuwa. Cikin wannan buɗi ne baƙin ciki ya same shi: ƙaramar 'yarsa Jean ta rasu da sanƙarau a 1909, tana da shekara 16. Babbar, Dorothy, tun tana ƙarama shan inna ya taɓa ta.

A 1913 aka ba shi shugabancin sashen zuciya a Asibitin Landan. A 1915 aka zaɓe shi cikin babbar ƙungiyar masana ta Ingila, Sarki George na Biyar kuma ya ba shi girman Sir. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko, sojoji dubbai aka komo da su daga fagen fama wai zuciyarsu ta lalace, saboda haki da faɗuwar gaba. Mackenzie na cikin waɗanda suka tsaya a kan cewa yawancinsu zuciyarsu lafiya lau, gajiya ce da jinya da firgita, maganinsu motsa jiki kaɗan kaɗan da kwantar da hankali. Aka buɗe musu asibiti na musamman a Hampstead a 1916.

A nan ya kamata mu gwada shi da Lewis, don a ga yadda zamani ya juya. An haifi Lewis a 1881, watau Mackenzie ya girme shi da shekara 28. A 1910 Lewis ya sami tallafin bincike daga wani asusu da attajiri Otto Beit ya kafa don tunawa da ɗan'uwansa. A 1911 Majalisar Birtaniya ta yi dokar inshorar lafiyar ma'aikata, a ciki aka ware kwabo ɗaya a shekara a kan kowane mai inshora domin bincike. Kwabo kwabo ya taru ya haura fam 50,000 a shekara, da shi aka kafa kwamitin binciken magani a 1913, wanda ya zama Majalisar Binciken Magani a 1920. A 1916 kwamitin nan ya ɗauki Lewis aiki, albashinsa na bincike ne, ba sai ya bi gidaje neman na abinci ba. Hanyar da Mackenzie ya nema yana saurayi ya rasa, ga ta an share. Amma fa an share ta ne zuwa babban asibiti da ɗakin gwaji. Likitan gari yana nan inda ya ke.

Wannan ya dami Mackenzie, har da wani abu kuma. Ya ga an ɗauke shi mai na'ura, likitoci suna sayen abin zanensa suna ta zane, sun bar abin da ya fi so su koya, watau sauraron mai ciwo da bin sa shekaru. Ga shi kuma shi kansa ya zama irin likitan da ya ke zargi, wanda ba ya ganin ciwo sai a ƙarshensa.

St Andrews

A 1918, yana da shekara 65, yana tsakiyar samu da suna, ya rufe ɗakinsa na Landan ya koma St Andrews, wani ƙaramin gari a bakin teku a Sikotlan. Abokansa suka yi mamaki. Shi kuwa ya zaɓi garin da gangan: akwai jami'a, mutanensa kuma ba su cika ƙaura ba, ana iya bin mutum daga haihuwa har tsufa. A 1919 ya buɗe cibiyar bincike, ya jawo likitocin garin suka shiga. Shirin shi ne kowane likita ya riƙa rubuta alamun farko na duk wanda ya zo masa, bisa tsari ɗaya, a tara a wuri ɗaya, a riƙa komawa kansu. Aka tanadi ɗakin gwaji da na hoton ƙashi domin su yi wa likitan gari hidima, aka kuma fara rubuta lafiyar yara tun suna jarirai. A shekarar nan ya buga wani littafi a kan makomar aikin likita, inda ya yi gardama cewa bincike ba zai kai ga mafarin ciwo ba sai an sa likitan gari a ciki, an koya masa, an ba shi lokaci.

Kuɗin cibiyar daga gudummawar masu hali ya fito, da asusun Carnegie, da wani abu daga Majalisar Binciken Magani. A nan matsalar ta ke. Aikin da aka shirya na shekara talatin ne ko arba'in, kuɗin kuwa na 'yan shekaru ne, yawancinsa kuma don girman sunan mutum ɗaya aka bayar. Mai ba da kuɗi yana so ya ga abin da aka samu baɗi. Takardun St Andrews kuwa ba za su yi magana ba sai yaran da aka rubuta sun yi furfura. Ban da haka, gaskiya ita ce shirin ya yi faɗi da yawa. An tara rubutu tuli ba tare da an tsai da tambaya guda da za a amsa ba, ba kuwa isasshen ilmin ƙididdiga da za a tace shi. Shi kansa Mackenzie ya karkata ga wani ra'ayi nasa, cewa yawancin alamun ciwo daga rikicewar saƙon jijiyoyi su ke, masana kuwa ba su bi shi a kan wannan ba. Likitocin garin ma, kowa da masu ciwonsa suna jiransa a ƙofa.

Ciwon da ya yi wa mutane bayani shekara da shekaru shi ya kama shi. Tun yana Landan ya ke jin ciwon ƙirji in ya yi sauri, ya kuma riƙa lura da kansa kamar yadda ya ke lura da masaƙan Burnley. Da abin ya tsananta ya koma Landan a 1924. Ya rasu ran 26 ga Janairu, 1925, yana da shekara 71. Ya bar wasiyya a buɗe zuciyarsa a duba. Almajirinsa John Parkinson ya cika wasiyyar, aka kai zuciyar St Andrews, aka sami jijiyoyin da ke ci da ita sun ƙuntata ƙwarai, ga tabon tsohon ciwo ga na sabo. An buga bayanin a 1939.

Cibiyar ta ɗauki sunansa, ta yi ta jan ƙafa ba shi, har aka rufe ta a 1944. Bayan shekara huɗu, a 1948, gwamnatin Amurka ta fara irin wannan aiki a wani gari wai shi Framingham, da mutum 5,209, da kuɗin hukuma, da tambaya guda: me ke kawo ciwon zuciya? Daga nan aka tabbatar da haɗarin hawan jini da taba da kitsen jini.

A gida kuma, wani likitan ƙauye a Wensleydale, William Pickles, ya karanta littafin Mackenzie, ya shiga rubuta ranar da kowace cuta mai yaɗuwa ta shiga kowane ƙauye nasa, ya buga abin da ya samu a 1939. Da likitocin gari suka kafa ƙungiyarsu a 1952, Pickles ne ya zama shugabanta na farko, shi ne kuma ya fara ba da laccar shekara shekara da aka sa wa sunan Mackenzie, a 1954. A 1963 Jami'ar Edinbara ta kafa kujerar farfesa ta aikin likitan gari, irinta ta farko a duniya, aka naɗa Richard Scott a kai. Sunan James Mackenzie aka sa wa kujerar, kuɗin kafa ta kuwa 'yarsa Dorothy ce ta bayar.